Daga Janairu zuwa Yuni: Yadda kasafin kuɗin birnin New York ke zama doka

Masu kallonmu, assalamu alaikum. Tun da Zohran Mamdani ya lashe zaɓen magajin garin New York a watan Nuwamban 2025, 'yan'uwanmu mazauna yankunan Bronx da Harlem na birnin, har da na gida da ke bibiyar labarin daga nesa, suke ta muhawara a kan abin da magajin gari zai iya yi da kuɗin birni. A cikin muhawarar akwai kuskure guda da ke ta maimaituwa, kuma a kansa za mu tsaya yau.

Wannan ginin da kuke gani shi ne fadar mulkin birnin, inda ofishin magajin gari da zauren majalisa mai kansiloli 51 suke. Shekarar kuɗi a nan tana farawa ne ranar 1 ga Yuli, ta ƙare ranar 30 ga Yuni. Kasafin da aka amince da shi a Yunin 2025 ya kai dala biliyan 115.9, kuma doka ta wajabta kada kuɗin da za a kashe ya wuce wanda zai shigo, darasin da birnin ya koya bayan ya kusa tsiyacewa a shekarar 1975.

A watan Janairu, ko Fabrairu idan sabon magajin gari ne aka ƙara masa lokaci, za ku gan shi tsaye a gaban babban allo yana nuna alkaluma. Kafin magariba labari ya karaɗe WhatsApp cewa an zaftare kuɗin makarantu, ko an soke wani tallafi, sai mutane su saduda su ce aikin gama ya gama. To, a nan kuskuren yake. Abin da magajin gari ya gabatar a wannan rana daftarin farko ne kawai, wato tayin da mai saye kan fara da shi a kasuwa, kuma babu ko sisin da za a kashe da hujjar wannan takarda. Ikon amincewa da kasafi yana hannun majalisa, kuma tsakanin wannan rana da ranar ƙuri'a akwai kusan wata biyar na ciniki.

Ga misalin da ya faru a idon kowa. A watan Nuwamban 2023, a zamanin magajin gari Eric Adams, an rage wa ɗakunan karatu na birnin kuɗi har suka daina buɗewa ranar Lahadi, sannan daftarin shekara mai zuwa ya zo ɗauke da ƙarin ragi. Wanda ya san ɗakin karatu na unguwa ya san ba littattafai kaɗai ake zuwa nema ba. Can ne ɗan tasi yake zuwa ya cike takardu a kwamfuta, can ne uwa take kai yaranta su yi aikin gida, can kuma sabon zuwa yake koyon Turanci kyauta, kuma da yawansu Lahadi ce kaɗai ranar da suke da sarari. Ma'aikata da masu karatu suka yi ta rubuta wasiƙu, suka yi gangami, suka cika zauren majalisa. A ƙarshen Yunin 2024 aka mayar da dala miliyan 58.3, kuma a watan Yuli ƙofofin suka fara buɗewa ranar Lahadi. Da mutanen nan sun ɗauki takardar Janairu a matsayin hukuncin ƙarshe, da ba wanda zai fito.

Ku dubi wannan zauren na majalisa da kyau, domin a ganina nan ne talaka ya fi samun bakin magana. A watan Maris kowane kwamiti na majalisa yana kiran shugabannin hukumomin da ke ƙarƙashinsa su kare abin da aka ware musu. Da safe kwamishinoni ke amsa tambayoyi, bayan sun tashi sai a buɗe wa jama'a. Mutum yakan rubuta sunansa a wata ƙaramar takarda a bakin ƙofa, ko ya yi rajista ta intanet ya yi magana ta bidiyo daga gidansa. Wancan agogon da ke gefe shi ke ƙirga masa lokaci, minti biyu ko uku, da ƙararrawa ta kaɗa kuma sai na gaba. Jiran yakan yi tsawo, wani lokaci har dare, wanda hakan babban cikas ne ga mai aikin yini, kuma ina ganin ya kamata majalisa ta ƙara sauƙaƙa shi. Amma wanda bai samu zuwa ba yana da sa'o'i 72 bayan zaman ya aika da bayaninsa a rubuce, kuma za a sa shi cikin kundin zaman kamar na wanda ya tsaya ya yi magana. Ba a tambayar kowa takardar zama ɗan ƙasa kafin ya yi magana.

Daga nan abubuwa suke sauri. Farkon Afrilu majalisa ta fitar da martaninta a rubuce, wajen ƙarshen watan magajin gari ya kawo daftari na biyu da aka gyara, a watan Mayu a sake zaman sauraro. Sai watan Yuni a shiga ɗaki a rufe ƙofa, har ranar da magajin gari da kakakin majalisa za su fito su yi musabahar da ke nuna sun daidaita, kansiloli kuma su kaɗa ƙuri'a kafin 1 ga Yuli. Idan majalisa ta ƙara abin da magajin gari bai so ba, yana iya hawa kujerar na-ƙi, ita kuma ta rinjaye shi da kashi biyu bisa uku, wato kansiloli 34.

Kada dai a ɗauka majalisa ce ke da wuƙa da nama. Magajin gari ne ke ƙiyasta yawan harajin da zai shigo, in ban da na gidaje da filaye wanda majalisa ke tsayar da adadinsa, don haka shi ke faɗin girman tukunyar da za a raba. Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin su biyun, domin ƙara harajin kuɗin shiga sai da yardar majalisar jiha da ke Albany, kuma motocin bas da jiragen ƙarƙashin ƙasa suna hannun hukumar MTA ce, wadda take ta jiha.

Wanda yake son shiga tun da wuri, birnin yana da kwamitocin unguwanni 59, kuma a watannin Satumba da Oktoba suke tattara buƙatun yankunansu su miƙa wa hukumomi kafin ma a rubuta daftari. Tun shekarar 2011 kuma wasu kansiloli suna ware dala miliyan ɗaya daga kason ayyukansu, mazauna mazaɓar su zaɓi abin da za a yi da ita, ko gyaran banɗakin makaranta, ko fitilun filin wasa. Kuɗin kaɗan ne idan aka kwatanta da biliyoyin da muka ambata, kuma ba kowane kansila ke shiga tsarin ba, don haka sai mutum ya tambayi ofishin kansilansa. A inda ake yi, duk mazaunin mazaɓar da ya kai shekara 11 yana da ƙuri'a, ko da katin zama ko babu, kuma ana kaɗa ta ne a wajen ƙarshen Maris zuwa Afrilu.