Filatilet a firiji: wane majinyaci ya dace a ƙara wa?

Ku dubi wannan leda. Ruwan cikinta rawaya ne, amma daga jinin mutum aka tace shi. Abin da ke ciki ƙwayoyin tsayar da jini ne, waɗanda ma'aikatan asibiti ke kira filatilet. Ɓargo ne ke ƙera su, suna yin kwana 7 zuwa 10 suna zagaye jiki, kuma da zarar jijiya ta tsage su ne ke fara isa wurin su manne a bakin raunin. Leda ɗaya da na'ura ta tace daga mutum ɗaya tana ɗauke da ƙwayoyi aƙalla biliyan 300.

Jajayen ƙwayoyin jini a firiji ake ajiye su, digiri 1 zuwa 6 a ma'aunin Salshiyas, har kwana 42. Filatilet kuwa shekara da shekaru ba a yarda su shiga firiji ba. Ana ajiye su a digiri 20 zuwa 24, a kan na'urar da ke girgiza su a hankali dare da rana. Robar ledar tana barin iska ta ratsa, girgizar kuma ita ke sa iskar oksijin ta kai ga kowace ƙwaya. Idan na'urar ta daɗe a tsaye, tsami zai taru a ruwan, ma'aunin tsami da ake kira pH ya faɗi ƙasa da 6.2, ƙwayoyin su lalace.

To me ya hana firiji? Da can a sanyi ake ajiye su. A 1969 wasu likitoci biyu a Amurka, Scott Murphy da Frank Gardner, suka nuna cewa filatilet da suka sha sanyi ba sa daɗewa a jikin wanda aka ƙara wa. Cikin kwana ɗaya ko biyu sun ɓace, alhali waɗanda aka ajiye a ɗumin ɗaki sukan kai kusan mako guda. Daga baya aka gano dalili. Sanyi yana wargaza zoben da ke riƙe da siffar ƙwayar, sai ta tashi daga faifai ta dunƙule. Wani furotin da ke bayanta, GPIb, yana taruwa wuri guda, sukarin da ke lulluɓe da shi ya zube. Hanta tana ganin haka sai ta ɗauke ta a matsayin tsohuwar ƙwaya, ta kwashe ta daga jini.

Ga mai kansar jini da magani ya durƙusar da ɓargonsa, wannan babbar asara ce. Shi ba jini yake zubarwa ba. Ana ƙara masa ne idan adadin filatilet ɗinsa ya sauka ƙasa da 10,000 a kowace maikurolita (ɗan mitsitsin ɗigo) ta jini, don kada zubar ta fara, saboda haka ƙwayoyin da za su daɗe a jiki yake bukata.

Sai dai ɗumin ɗaki yana da nasa tsadar. Bakteriya ma a nan suke jin daɗi. Kaɗan daga fatar mai bayarwa, irin su Staphylococcus, idan suka bi allura suka shiga leda, cikin 'yan kwanaki sun ninka har su iya jefa majinyaci cikin gubar jini. Shi ya sa wa'adin ledar kwana 5 ne kacal, ko 7 idan an yi ƙarin gwajin bakteriya. Gwaji da jigila su ci kwana ɗaya ko biyu daga ciki. Ƙaramin asibiti da ba ya amfani da su kullum, ko dai ya ajiye ya zubar, ko ya haƙura da ajiyewa gaba ɗaya.

Yanzu ku ɗauki wani majinyacin: wanda ya yi haɗarin mota, ko ake yi wa tiyatar zuciya, ko mai jego da jini ya ɓalle mata. Irin wannan majinyaci ba ruwansa da abin da zai faru jibi. Jinin ake so ya tsaya yanzu. A nan abin da aka ɗauka aibi ya zama amfani. Sanyi yana ɗan tayar da filatilet, su zauna cikin shiri. A gwajin ɗakin bincike sun fi saurin haɗuwa da juna, kuma gudan jinin da suke yi ya fi ƙarfi. Sanyin yana rage cin sukarinsu, tsami ba ya saurin taruwa, yawancin bakteriya kuma ba sa hayayyafa.

Sojojin Amurka sun yi amfani da filatilet na sanyi a fagen daga, asibitin jami'a na Haukeland a Bergen ta ƙasar Nowe ya gwada su a tiyatar zuciya. A watan Yunin 2023 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta fitar da ƙa'ida: a ajiye su a digiri 1 zuwa 6 har kwana 14, don mai zubar da jini, idan na ɗumin ɗaki ba su samu ba ko amfani da su bai yiwu ba. Ledar da ba a bi da ita ta hanyar kashe ƙwayoyin cuta ba, ta shiga sanyi cikin awa 4 da gama ɗiba. Girgiza ba dole ba ce, kuma wannan kaɗai ya sauƙaƙa ɗaukarsu a akwatin sanyi cikin motar asibiti ko jirgi mai saukar ungulu.

Ga inda ake samun matsala. Ma'aikacin da ya saba ɗaga leda a gaban fitila ya ga ruwan yana walƙiya yana murɗawa, ba zai ga haka a ta sanyi ba, domin siffar faifai ce ke kawo wannan walƙiyar. Rashinta a nan ba alamar lalacewa ba ce. Abin dubawa shi ne gudaji. Furotin fibirinojin da ke cikin ruwan jini yana liƙe ƙwayoyin da sanyi ya tayar, su yi curi-curi, adadinsu ya ragu, ledar da gudajinta suka yi yawa kuma a cire ta. Maye gurbin kusan kashi biyu cikin uku na ruwan jinin da ruwan adana filatilet yana rage wannan sosai. Kuma kamar kowane ƙarin jini, ta siririn bututu mai matata ake sa su.

Kada a ɗauka firiji yana kashe bakteriya. Yersinia enterocolitica da wasu nau'in Pseudomonas suna girma a sanyi, don haka tsabtace hannun mai bayarwa da karkatar da jinin farko zuwa wata 'yar jaka suna nan daram. Ledar kada ta jingina da ƙanƙara a akwatin jigila, daskarewa tana fasa ƙwayoyin. Wadda ta shiga sanyi kuma ba ta komawa cikin na ɗumin ɗaki, domin canjin da ke sa hanta ta kwashe su ba ya warwarewa. Ma'ajiyar jini da ke riƙe da iri biyun tana bukatar lakabi daban da lamba daban a kwamfuta, yadda ledar sanyi ba za ta tafi ɗakin masu kansa bisa kuskure ba.