Gadar Burnside da Allunan da Aka Sauke Daga Kanta

Ku dubi gadar nan da kyau. Ta dutse ce, ruwa na bi ta ƙofofi uku a ƙarƙashinta, tana kan rafin Antietam a jihar Maryland ta Amurka. Wani magini, John Weaver, ya gina ta a 1836 domin manoma su riƙa hayewa da amfanin gona da dabbobi zuwa garin Sharpsburg. Tsawonta kusan mita 38 ne, faɗinta kuwa ko mita 4 bai kai ba.

Wannan ƙuncin ne ya jawo mata suna. Ranar 17 ga Satumba, 1862, ana tsakiyar yaƙin basasar Amurka, Janar Ambrose Burnside ya iso bakinta da dubban sojojin Arewa. A kan tudun da ke ƙetare, 'yan Kudu daga jihar Jojiya, waɗanda ba su wuce 500 ba, sun laɓe cikin bishiyoyi da duwatsu. Duk wanda ya doshi gadar, harsashi ke tarbarsa. Sa'a uku ana abu ɗaya. Sai wajen ƙarfe ɗaya na rana rundunoni biyu, ɗaya daga New York ɗaya daga Pennsylvania, suka kutsa suka haye. Jinkirin ya ba Janar A. P. Hill na sojojin Kudu damar isowa daga garin Harpers Ferry, ya kora sojojin Burnside baya. Duk da haka sunan Burnside ne ya manne wa gadar. A da, gadar Rohrbach mutanen yankin ke ce mata, da sunan manomin da ke maƙwabtaka da ita.

To, allunan fa? Bayan yaƙi, tsofaffin sojojin Arewa sun dawo sun kafa duwatsun tunawa a kan bangon gadar kanta, kowace runduna da nata rubutun. Motoci na wucewa ta kan gadar har 1966, lokacin da aka hana ababen hawa bin ta. A gyaran da aka yi a shekarun 1960 aka sauke duwatsun zuwa bakin rafi, don gadar ta koma kamanninta na ranar yaƙin. Ni dai ina ganin an yi daidai: rubutun bai ɓace ba, ginin kuma ya huta.

Amma ku ɗan hau tudu. Akwai wani dogon ginshiƙi da aka ƙaddamar a 1903, wanda ya fi na rundunonin nan tsayi. Na William McKinley ne, sajen mai kula da abinci, ɗan shekara 19 a lokacin, wanda ya kai wa 'yan rundunarsa kofi mai zafi da abinci ana ruwan harsashi. Daga baya ya zama shugaban Amurka, aka harbe shi a 1901, shekara biyu bayan nan jiharsa ta Ohio ta gina masa wannan.