Faranti Ɗaya, Cokali Biyu: Yadda Muke Cin Abinci a Disney World

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Daga Orlando nake magana da ku, a jihar Fulorida ta Amurka, inda muka zo hutu Disney World, katafaren wurin wasa da shaƙatawa, da iyali. Ku yi haƙuri da hayaniyar da kuke ji, a ƙofar gidan abinci nake tsaye muna jiran a kira mu. Tun da na ce za mu zo, tambayar da ƙawayena suka fi yi mini ita ce ta abinci: idan an biya kuɗin ci tun daga gida, ana barin mutum biyu su ci faranti ɗaya? Ana bari a wasu wurare, a wasu kuma ba a bari, kuma yau zan nuna muku bambancin da idonku.

Bari in fara da shi kansa tsarin, don wanda bai san shi ba. Sunansa Disney Dining Plan. Kamfanin ya fara sayar da shi a 2005, ya dakatar a 2020 lokacin korona, sannan ya dawo da shi a watan Janairun 2024. Sai wanda ya sauka a otal ɗin Disney ne zai iya saye, kuma tare da kuɗin ɗaki ake biya. Da ya dawo a 2024, iri biyu ne. A ƙaramin, kowane mutum yana da ci biyu a kowane dare na zamansa, a wuraren da kake zuwa kanta ka karɓi tirenka da kanka, sai abin ƙwalama ɗaya. A babban, ci ɗaya na kanta, ci ɗaya a gidan abinci na zama inda ma'aikaci ke zuwa teburinku, da abin ƙwalama ɗaya. Duka biyun ana haɗa wa kowa da kofin roba da zai riƙa cikawa da lemo ko shayi a otal, amma ba ya aiki a cikin wuraren wasa. A shekarar da tsarin ya dawo, babban ya kai kusan dala 94 ga babba a kowane dare, yaro kusan dala 30. Ƙaramin kuma kusan dala 57 da dala 24.

To ga inda maganar take. Ba a yarda ku saya wa wasu ku bar wasu ba. Duk wanda sunansa ke kan ɗakin, muddin ya kai shekara 3, dole a sa shi cikin tsarin. Daga shekara 3 zuwa 9 shi ne yaro. Da ya cika 10, kuɗin babba ake caja, ko da loma biyar yake yi ya ce ya ƙoshi. Mu ga mu nan: ni, Abban yara, Hajiya surukata da ta zo mana ziyara daga Kano, yaronmu mai shekara 11, 'yarmu mai shekara 6, da autarmu da ba ta kai 3 ba. A lissafinsu manya huɗu ne da yarinya ɗaya, auta kyauta. Ku buga da kanku, ya haura dala 400 a dare ɗaya. Kuɗi ne da sai da aka yi tanadi, shi ya sa ba na son ko ƙwayar shinkafa ta tafi a banza.

Abin da ya sauƙaƙa mana shi ne ba a ɗaure kowa da nasa kason ba. Tikitocin abincin a asusu ɗaya ake zuba su tun ranar da kuka sauka, na manya daban, na yara daban, kuma ana ganin su a manhajar My Disney Experience. Ba takarda ba ce, ma'aikaci zai taɓa katin ɗakinku ko abin hannun da suke kira MagicBand, ya cire adadin farantin da kuka ci, rasit ya nuna abin da ya rage. Ba dole ba ne ku kashe na yau a yau. Idan manya huɗu suka zauna suka yi odar faranti uku, uku za a cire.

An kira mu, ku biyo ni. Nan Sanaa ne, a Kidani Village, ɓangaren otal ɗin Animal Kingdom Lodge. Ku kalli tagar nan. Wancan raƙumin dawa ne na gaske, can baya kuma jakin dawa, suna kiwo muna zaune. Abincin gidan na Gabashin Afirka ne da aka cakuɗa da na Indiya, kuma kowa faranti yake zaɓa daga takarda, don haka a nan ana iya rabawa. Tun kafin ma'aikaciyar ta fara rubutu na gaya mata cewa mu manya huɗu ne amma tikiti uku za mu kashe, Hajiya da ni za mu haɗa, ta taimaka mana da faranti ɗaya wanda babu komai a ciki. Ta ce babu damuwa, ta je ta kawo. Faɗa tun farko ya fi, don kada sai an gama ci a tsaya ana warware lissafi yara suna gyangyaɗi.

Ga shi ya iso. Bari in matso da kyamarar. Wannan miyar kifi ce da jatan lande, da ɗan yaji da madarar kwakwa, ga shinkafa basmati a tsakiya, ga miyar wake a gefe. Hajiya ta kalla ta ce, "'Yar nan, duk wannan na mutum ɗaya ne?" Na ce, "Eh Hajiya, haka suke zubawa." Ta girgiza kai, ta ɗauki cokali ta raba shinkafar gida biyu, ta tura mini ɓangaren da ya fi yawan jatan lande, sannan ta tsame ɗan kifi ta hura ta sa wa auta a baki. Ita Hajiya tun tasowarta ba ta saba da a aje mata nata ita kaɗai ba. A gida tire ɗaya ake ajiyewa, a wanke hannu a zagaye shi, babba ya tura wa ƙarami nama. Ranar da muka fara ba ta nata farantin ita kaɗai, rabi ta ci, kuma har muka koma ɗaki tana maganar ragowar da aka kwashe. Ta ce ganin abinci mai kyau ana kai shi shara ya fi yunwa damunta. Ni ma haka nake ji, almubazzaranci ne, kuma biyan kuɗinsa tun farko bai halatta zubar da shi ba.

Wannan tiren burodin da kuke gani a tsakiyar tebur shi ne abin da gidan ya yi suna da shi: burodin Indiya mai zafi kala-kala, da ƙananan kwanuka na miya daga mai zaƙi zuwa mai yajin da ke sa hawaye. Ba ya cikin tsarin, don abin da tikiti ke biya shi ne babban faranti, kayan zaƙi, da abin sha. Daga aljihu muka biya shi, kuma ban yi nadama ba, don shi ne abu ɗaya a teburin da aka yi shi domin hannaye da yawa. Ku ga yaron can, ya manta da cokali.

Amma jiya labarin daban ne. Mun je Boma, a babban ginin otal ɗin nan, inda ake jera abinci kowa ya ɗiba da kansa iya cikinsa. A irin wannan wuri kawuna ake ƙirgawa. Duk wanda ya zauna a tebur ya kai shekara 3, tikitinsa zai tafi, ko ya ci ko bai ci ba. Haka a 'Ohana da ke otal ɗin Polynesian, inda ake ta kawo abinci tebur har ku ce ya isa, haka a wuraren da Mickey, ɓeran katun na Disney, da abokansa ke zagayawa suna gaisawa da yara, haka kuma a gidajen da ke da farashi ɗaya ga kowane kai. Auta kaɗai ce ta ci daga farantina kyauta, kuma dokarsu ce ta ba da wannan. Na ga hikimar abin, don inda babu iyaka ga abin da za a ɗiba, tikiti ɗaya zai iya ciyar da gida guda. A can Hajiya ta sami tuwon masara irin na Afirka ta Kudu da suke kira pap, ta ci da miyar ganye ta yi hamdala.

A nan ina so in yi magana da 'yan uwana tsakani da Allah. Akwai masu ba da shawarar ka rage wa yaro shekara, ka ce mai 10 yana da 9, ko mai 3 bai kai ba. Sau da yawa babu mai tambayarka takardar haihuwa. Amma yaron yana tsaye yana jin ka, ya san shekarunsa sarai. Ka biya dubban daloli ka kawo shi hutu, abin da zai koma da shi gida shi ne ya ga iyayensa sun yi ƙarya a kan abinci. Ni ban yarda da wannan ba. Raba faranti a inda aka yarda haƙƙinmu ne, mun biya. Abin da ya wuce haka cin haram ne, ko da kamfanin ya fi mu kuɗi sau miliyan.

Sai tukuici. Tsarin bai haɗa da shi ba a yawancin gidajen zama, kuma a Amurka masu kawo abinci tebur da shi suka dogara. Abin da aka saba bayarwa kashi 18 zuwa 20 cikin 100 ne na kuɗin abincin, kuma idan kun kai mutum 6 sukan sa kashi 18 a rasit da kansu. Mu da muka raba faranti, kuɗin da ke rasit ya ragu, amma aikin matar nan bai ragu ba. Ta kawo ƙarin faranti, ta cika mana ruwa, ta goge inda auta ta zubar da miya. Abban yara ya ce mu ba ta kamar faranti huɗu muka ci, kuma haka za mu yi.

Me ake yi da tikitin da aka rage? A ce dare 5 kuka kama, ku manya huɗu. Kuna da tikitin zama 20. Idan dare huɗu kun kashe uku-uku, 12 ke nan, saura 8. Akwai manyan gidaje da ke cin tikiti biyu ga kowane mutum, kamar Cinderella's Royal Table da ke cikin fadar nan ta wurin wasa na Magic Kingdom, inda 'yarmu ta ƙwallafa rai. To 8 ɗin nan sun ishe ku shiga ku huɗu. Sai dai ku tuna ita ma yarinya biyu za a cire mata, don haka wani dare sai ta ci tare da uwarta a ajiye nata. Kuma irin waɗannan gidaje tun kwana 60 kafin zuwa ake buɗe kama tebur, suna cika da wuri. Idan kun kama ba ku je ba, ba ku kuma soke a kan lokaci ba, akwai tara, a yawancin gidaje dala 10 ga kowane mutum.

Wuraren kanta babu wata magana, babu mai kallon wanda ya ci me. A Satu'li Canteen da ke wurin wasa na Animal Kingdom kwano biyu ya ishe mu mu uku da rana, don zafin Fulorida ba ya barin mutum ya ci da yawa. Abin da muka rage shi muke karyawa da shi da safe, tunda tsarin ci biyu ne kawai a rana. Ruwan ƙanƙara kuma kyauta ne a kanta, ku roƙa kawai.

Ga mu Musulmi akwai ƙarin lissafi. Cikin kuɗin babba an haɗa da damar shan giya ga wanda ya kai shekara 21, mu kuma ba ma sha, sai mu karɓi haɗin 'ya'yan itace ko madara mai sanyi a madadinta. Naman gidaje da yawa ba mu da tabbacin yankansa, ga alade a ko'ina, don haka kifi da ganye da wake muka fi ci. Ku rubuta buƙatarku tun lokacin kama tebur, ku sake faɗa idan kun zauna, mai girki yakan fito da kansa ya yi bayani. Kuma ku tambaya har a kan kayan zaƙi. A Boma akwai wasu ƙananan dunƙule masu zanen jakin dawa da kowa ke yabo, ana sa musu Amarula, wadda giya ce. Da ido ba za ka taɓa ganewa ba.

Ra'ayina, idan gidanku irin namu ne, masu ci kaɗan kuma masu son haɗa hannu, ku zauna da biro da takarda kafin ku saya. Tsarin ya fi amfanar gidan da kowa ke cinye farantinsa da kayan zaƙinsa, kuma yana zaɓen mai tsada. Wanda zai yi odar faranti uku a ci mutum huɗu, sau da yawa biyan kuɗi hannu ya fi masa sauƙi, tunda babu mai tilasta masa biyan na huɗun. Mu mun saya ne saboda Hajiya. Idan ta ga farashi a takarda sai ta zaɓi mafi arha ko ta ce ta ƙoshi, don tana tausayin ɗanta. Da aka ce mata an riga an biya, sai ta saki jiki tana zaɓen abin da ranta ke so. Wannan kaɗai ya biya ni.

Abu na ƙarshe, kada tanadin ya yi yawa. Duk tikitin da ya rage yana mutuwa ƙarfe 12 na daren ranar da kuka bar otal, ba a mayar da ko sisi. Ku riƙa duba manhaja kowane dare kafin ku kwanta, na ƙwalama kuma idan sun taru ana iya karɓar alewa da biskit na leda da su a shagon otal, a yi tsaraba. Ga kayan zaƙi an kawo, uku ne, kuma yara sun riga sun miƙo cokula. Gobe in Allah ya kai mu wurin wasa na EPCOT za mu shiga, zan nuna muku ɓangaren Maroko. Sai mun haɗu.