Jawabin Maraba Ga Mai Girma Kwamishinan Ilimi Na Jihar Filato, Wanda Shugaban Makaranta Ya Gabatar A Ranar Baje Kolin Ayyukan Hannu Na Ɗalibai A Jos

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Kwamishinan Ilimi da 'yan tawagarsa, iyayenmu masu unguwanni, shugabannin addini, wakilan ƙungiyar iyaye da malamai, abokan aikina malamai, da 'ya'yanmu ɗalibai, barkanmu da wannan rana.

Ranka ya daɗe, a madadin hukumar wannan makaranta ina yi maka barka da zuwa, tare da godiya da ka ajiye ayyukan ofis ka tako domin ka ga abin da yaran nan suka yi da hannuwansu a darussan zane-zane da ƙere-ƙere. Mun san gayyata ta yi maka yawa, kuma galibinta ta fi tamu girma, shi ya sa zuwan nan naka ya fi mana komai daɗi.

Yallaɓai, idan akwai garin da bai kamata a sha wahalar bayyana darajar wannan darasi a cikinsa ba, to Jos ne. A shekarar 1928 masu haƙar kuza suka fara tono siffofin yumɓu a kusa da ƙauyen Nok da ke kudancin Jihar Kaduna ta yanzu, aikin magina da suka rayu fiye da shekara dubu biyu da suka wuce, kuma a nan Jos aka buɗe gidan adana kayan tarihi a 1952, ƙarƙashin Bernard Fagg, inda aka ajiye irin waɗannan kayayyaki. A harabar gidan akwai kwaikwayon ganuwar Kano da na tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, an gina su da ƙasa kamar yadda magabata suka yi. Duk lokacin da muka kai ɗalibai can, ba dogon bayaninmu ke riƙe su ba, tambayoyinsu ne: yaya aka yi bakan gizon ƙasa ya ɗauki nauyin rufi ba ƙarfe ba siminti, kuma me ya sa maginin Nok ya huda ido da hanci da bakin siffar? Malamarsu ta zane ta nuna musu cewa irin waɗannan kafofi suna barin zafi da tururi su fita lokacin gashi, don kada yumɓun ya fashe. A ganina, yaron da ya gane wannan ya koyi kimiyya da tarihi da zane a zama ɗaya.

Mun kuma lura cewa yaron da lissafi ke ba shi wuya a kan allo, da zarar an miƙa masa rula da katako aka ce ya yi kujerar da ba za ta yi ɗingishi ba, sai ya auna, ya sake aunawa, ya gane amfanin kusurwa da kansa. Abin da muke nufi da tsara fasali ke nan: yaro ya ga buƙata, ya zana maganinta a takarda, ya gwada da kwali, ya lalata, ya gyara, kafin ya taɓa zarto. Wasu iyaye, kuma ba na ganin laifinsu, suna ɗaukar wannan a matsayin wasa, ko aikin wanda karatu ya gagara. Nakan ce musu su ciro takardar naira ashirin su juya bayanta. Matar da ke ginin tukunya a wurin ita ce Ladi Kwali, wadda ta koyi sana'ar a gida tun tana ƙarama, ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, a 1954, har aikinta ya kai ta Ingila da Amurka.

Ranka ya daɗe, sai dai darasin nan ba ya koyuwa da alli kaɗai. Manya a cikinmu suna tuna yadda aka fara tsarin karatu na 6-3-3-4 a farkon shekarun 1980, aka shigo da injunan koyar da fasaha daga ƙasashen waje, amma a makarantu da dama suka yi tsatsa a cikin akwatunansu saboda babu ɗakin aiki, babu lantarki, babu malamin da ya san hannunsu. Ba ma son jikokinmu su ba da irin wannan labari a kanmu. Manhaja ta yanzu ta tanadi darussan al'adu da zane da na fasaha a matakin firamare da ƙaramar sakandare, amma yaro yana iya cin jarrabawa a kan guduma da magagari alhali bai taɓa riƙe su ba.

Saboda haka kokenmu ba mai tsawo ba ne. Muna roƙon ɗakin aiki guda mai tebura masu ƙarfi da kayan aikin hannu, ba sai manyan injuna ba, da ƙarin malami ƙwararre a wannan fanni, domin waɗanda muke da su suna zagaya azuzuwa har muryarsu ta dushe. Abu na ƙarshe ba ya cin kuɗi sosai, izini ne kawai: a ba mu dama mu riƙa gayyato dukawan Naraguta, da kafintocin Katako, da maƙera da masu walda na cikin gari, su shigo aji a kan tsari su nuna wa yara sana'a, malamai kuma su haɗa ta da ma'auni da zane. Ɗalibin da ya taso a haka, idan ya nufi kwalejin fasaha ta Bukuru ko jami'a, ba zai je a baƙo ba.

Yallaɓai, yaran sun jera kayansu a babban ɗakin taro: akwai tukwane, da jakunkunan fata, da taswirar gidaje, da fitilar karatu da wasu 'yan aji uku suka haɗa da batir da gwangwanin madara. Na roƙe ka, idan ka tsaya a gaban kowane tebur, ka tambayi mai kayan yadda ya yi, domin sun kwana biyu suna shirya amsa.

Allah ya ja zamaninka, ya mayar da kai da tawagarka gida lafiya. Bismillah, ranka ya daɗe, mu ƙarasa ciki.