Kujerar shugaban asibiti ba gadon likitoci ba ce

Jama'a masu sauraro, yau a kan asibitocin gwamnati zan yi magana, don wallahi abin ya ishe ni. Ku tuna 2018, lokacin da JOHESU, wato haɗakar nas-nas da masu haɗa magani da 'yan lab da sauran ma'aikatan lafiya, ta tafi yajin aiki na kusan mako shida saboda an gyara wa likitoci albashi a 2014 su an bar su. Me ƙungiyar likitoci NMA ta yi? Fitowa ta yi ta ce in gwamnati ta kuskura ta biya musu buƙata to su ma za su ajiye aiki. Haba jama'a! Ana nan ana ja-in-ja marasa lafiya suna kwance a baranda ba mai sa musu ruwa.

Tushen abin wata doka ce ta zamanin soja, ta 1985, wadda ta ce shugaban asibitin koyarwa dole sai likita. Dole sai likita. Ko ka shekara talatin kana aikin jinya, ko kana da digiri a kan tafiyar da asibiti, kujerar nan an rufe maka ita.

Za su ce ai likita ya fi daɗewa a makaranta, kuma ran mara lafiya a wuyansa yake. A ɗakin tiyata babu mai musun wannan. Amma shugabancin asibiti fa lissafin man janareta ne da albashi da sayen magani da gyaran famfo, a wane aji aka koya wa likita wannan aka hana sauran? Eyitayo Lambo masanin tattalin arziki ne, ya riƙe ministan lafiya daga 2003 zuwa 2007, a lokacinsa aka ƙaddamar da inshorar lafiya. Tedros da ke shugabantar Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2017 shi ma ba likita ba ne.

Ku leƙa ƙaramin asibitin ƙauye ƙarfe biyun dare, ungozoma ce riƙe da tocilan tana karɓar haihuwa ita kaɗai, likita sai an kai birni. Wannan baiwar Allah ce ake cewa ita da ire-irenta ba su isa shugabanci ba.

Ko wanda ba likita ba zai fi iya riƙon? Wani zai iya, wani ba zai iya ba, kamar dai likitocin. A buɗe kujerar a gani mana. 'Yan Majalisar Tarayya, ku ɗauko dokar 1985 ɗin nan ku gyara ta, ku cire wannan dole ɗin.