Ɗanki ya iya ƙirga, ko waƙar ƙirga ya haddace?

Irin wannan bidiyon da ke yawo a WhatsApp, da yawanku kun gan shi. Yara ƴan shekara 3 sun yi sahu cikin kayan makaranta tsaf, suna rera ƙirga da Faransanci daga ɗaya har hamsin, ba tuntuɓe. Iyaye a nan Damagaram, daga unguwar Birni, daga Zango, daga Sabon Gari sai tambaya suke: wace makarantar reno ce wannan, mu ma mu kai namu? Wata uwa ma cewa ta yi ɗanta ya shekara a makaranta amma a goma yake tsayawa, ko ta canza masa wuri?

Hajiya, dakata tukuna. Ki dubi wannan misalin.

Ga tabarma, ga goruba guda 6 a cikin ƙwarya. Wannan yaron yana rera ƙirga har talatin. Malama ta ce masa: "Ba ni goruba uku." Ku dubi hannunsa. Ya dumbuza da hannu biyu, ya miƙa mata biyar, yana murmushi abinsa. Yanzu ga wannan yarinyar, wadda a goma take tsayawa. Magana ɗaya aka yi mata. Ta ɗauki ɗaya ta ajiye, ta ɗauki ta biyu, ta ɗauki ta uku, sai ta janye hannu. Wannan janye hannun shi ne ƙirga.

Abu biyu ne ake haɗawa wuri ɗaya. Akwai jera sunayen lambobi, wanda kunne da baki ke yi, kuma yaro ɗan shekara 2 ma yana iya kama shi in ya ji sau da yawa. Akwai kuma sanin cewa "uku" adadi ne na abubuwa. Na farko kamar yaron da ya haddace sunayen unguwannin Damagaram ne kaf, amma in ka aike shi Garin Malam bai san inda zai sa ƙafa ba.

Na biyun a hankali yake zuwa, mataki-mataki. Yaro yakan fara gane "ɗaya" kaɗai. In ka ce ba ni biyu, sai ya dumbuza. Bayan wasu watanni ya gane "biyu", daga baya "uku". Yawanci sai wajen shekara 3 da rabi zuwa 4, wani ma ya ɗan wuce haka, sannan yake gane cewa lambar da ya faɗa a ƙarshe ita ce yawan abin duka. Saboda haka ɗan shekara 3 da ya dumbuza ba daƙiƙi ba ne, lokacinsa ne bai yi ba. Abin dubawa shi ne ko makarantar tana yin aikin da zai kai shi can.

To ga aikin. Ku lura da yatsan wannan yaron: bakinsa ya kai "biyar", yatsa yana kan goruba ta uku. Baki ya tsere wa hannu. Wani kuma yakan taɓa goruba ɗaya sau biyu, wani ya tsallake ɗaya. Maganin duka ukun ɗaya ne, kuma ba ya cin ko dala: ƙwarya biyu. Goruba tana cikin ta hagu, yaro ya ɗauki ɗaya, ya faɗi lamba, ya jefa a ta dama. Ba zai faɗi ta gaba ba sai ya ji ƙarar faɗuwarta. Da haka hannu ke ja wa baki linzami. A fara da guda 3. In ya zauna daram a kai, a ƙara zuwa 5. Kada a wuce 10 a wannan shekarar, babu gaggawa.

Sai tambayar da malamai da yawa ke mantawa. Yaro ya gama ƙirga huɗu, malama ta rufe ƙwaryar da faifai ta ce: "Nawa ne a ciki?" In ya ce huɗu, ya kama. In ya buɗe faifai ya sake farawa daga ɗaya, ko ya ce bakwai don ita ce ta zo masa baki, to bai kai ba tukuna, kuma ba abin tsawa ba ne. Malama ta ƙirga tare da shi, ta ɗaga murya a ta ƙarshe: "ɗaya, biyu, uku, huɗu. Huɗu ke nan duka." Gobe a sake da takalma a bakin ƙofa, jibi da kofunan koko.

Kuma a fara da harshen da yaron ke jin yunwa da ƙishi da shi. Wanda ya san "uku" da Hausa, sunanta na Faransanci kawai zai ƙara daga baya, cikin sauƙi.

Me ya sa goruba? Don ba ta shiga baki gaba ɗaya. Gyaɗa, aya, wake, tsakuwa, ƙwallon dabino, duk a nisanta su daga ajin da ke da ƴan ƙasa da shekara 3. Suna shaƙe yaro, suna shiga hanci da kunne, kuma cikin ƙiftawar ido abin ke faruwa.

Yanzu ku ƙirga kawunan da ke cikin irin ajin da ake rera ƙirga gaba ɗaya, sannan ku nemi manya. Malama ɗaya. Wannan aikin na ƙwarya biyu ana yin sa ne da yara 4 zuwa 6 a zaune kusa, minti 10, ido cikin ido. Malamar da aka tara wa yara 50 ba ta da wata dabara illa ta sa su amshi gaba ɗaya, ko da ta fi kowa sanin aikinta. A ganinmu nan ne ya kamata iyaye su matsa wa mai makaranta: babba ɗaya ga yara kamar 10 in ƴan shekara 3 zuwa 4 ne, ga jarirai kuwa kada su wuce 4. Fenti a bango da lilo a tsakar gida suna da kyau, amma ba su amsa wa yaro magana.

Sauran abubuwan, idonku zai gaya muku. Randa mai murfi a inuwa, da kofi ga kowane yaro, don a watan Afrilu zafin garin nan yana haura digiri 40, ƙaramin yaro kuma ba ya tuna neman ruwa sai an miƙa masa. Ku tambayi inda suke samun ruwa ranar da famfo ya ɗauke. Buta da sabulu a bakin bayi, a wanke hannu bayan an fito da kuma kafin cin abinci. Ƙunshin gishirin zawo a ajiye, da malamar da ta san ƙunshi ɗaya a lita 1 ta ruwa mai tsabta ake kaɗa shi, abin da ya kwana ya wuni kuma a zubar. Katin rigakafin kowane yaro, an duba shi ranar rajista.

Ku dubi kuma ko yaran suna motsi. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2019, ta ce ɗan shekara 3 zuwa 4 yana bukatar aƙalla minti 180 na motsa jiki a rana, da barci na awa 10 zuwa 13 har da na rana, kallon waya ko talabijin kuma kada ya wuce awa 1. Ajin da aka dasa ƙananan yara a benci tun safe har azahar, hannu a ƙirji, an ce ladabi ne, wannan ya saɓa wa jikin yaro.

In za ku je duba makaranta, kada ku je ranar biki. Ku je ranar Talata ko Laraba da hantsi, ku roƙi a bar ku ku zauna a bayan aji na rabin awa. Ku ga ko malama tana durƙusawa daidai tsayin yaro in ya yi mata magana, ko tana kiran kowa da sunansa, da abin da take yi in wani ya yi fitsari a wando. Kafin ku fita, ku tambayi mai gadi yadda yake tantance wanda ya zo ɗaukar yaro in ba uwa ko uba ba ne, musamman in ɗan kabu-kabu aka aiko.