Bindigar Farauta Ga Baƙo A Kanada: Abin Da Takardar Dala 25 Ba Ta Ba Ka

[Hoto: dajin Kanada a lokacin kaka, ganyaye sun rine sun koma ja]

Assalamu alaikum 'yan'uwa na Jidda da Makka da Madina da Riyad, da duk inda kuke kallonmu. A 'yan makonnin nan wani gajeren bidiyo yana ta yawo a zaurukan WhatsApp na jama'armu, inda ake cewa duk wanda ya sauka a filin jirgin Kanada, in ya cika takarda guda ya biya dala 25, to ya sami lasisin bindiga na wata biyu, daga nan sai ya shiga kanti ya sayi bindigar farauta, ko ya karɓi ta ɗan'uwansa ya nufi daji. Tambayoyi sun yi ta shigo mana a kan haka, galibinsu daga iyayen da 'ya'yansu ke karatu ko aiki a can, da kuma 'yan kasuwar da abokan hulɗarsu suka gayyace su farautar kaka. Takardar da ake magana a kai tana nan, kuɗin ma daidai ne, kwana 60 ɗin ma gaskiya ne. Amma abin da aka ce takardar tana halatta wa mutum, nan ne kuskuren yake, kuma kuskure ne da zai iya kai bawan Allah gaban alƙali a ƙasar da ya je yawon buɗe ido.

Mu fara da abin da mazauna nan suka riga suka sani. A Saudiyya, izinin mallakar makami na Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ne, izinin farauta kuma ana neman sa ta dandalin Fiɗri na Cibiyar Kula da Namun Daji ta Ƙasa. A shekarun nan ana buɗe lokacin farauta ranar 1 ga Satumba a rufe ranar 31 ga Janairu, kuma wanda aka kama yana farauta ba lasisi tarar riyal 10,000 ce a kansa. Kanada ma hukuma biyu ce. Bindiga tana ƙarƙashin gwamnatin tarayya, bisa dokar makamai ta 1995, kuma rundunar 'yan sandan tarayya, wato RCMP, ita ke tafiyar da shirin lasisin. Farautar barewa da sauran manyan dabbobi kuwa kowane lardi ne da dokarsa. Samun ɗayan ba ya wadatar da mutum daga neman ɗayan.

[Hoto: fom mai lamba RCMP 5589, a matso da shi sosai]

Wannan da kuke gani a allo ita ce takardar da ta jawo ce-ce-ku-ce. Lambarta 5589, kuma aikinta shi ne baƙo wanda ba mazaunin Kanada ba ya bayyana bindigar da ya shigo da ita. Ku lura da layukan da ke tsakiyarta: ana tambayar irin bindigar, da kamfanin da ya ƙera ta, da tsawon bututunta, da lambar da aka buga a jikinta. Waɗannan layukan su ne ruhin takardar. Mutum zai cika ta tun daga gida, amma ba zai sa hannu ba sai a gaban jami'in kwastan, jami'in ya duba bindigar ya gwada da abin da aka rubuta, a biya dala 25 ta Kanada ko bindiga nawa ce, sannan ya tabbatar da ita. Daga wannan lokacin takardar ta zama lasisin wucin gadi na kwana 60, ga mutumin da ya sa hannu shi kaɗai, kuma a kan bindigogin da aka lissafa a cikinta su kaɗai. Da ita yana iya sayen harsashin waɗannan bindigogin a kanti, kuma in zamansa zai wuce kwana 60 yana iya neman a sabunta masa kyauta a ofishin babban jami'in kula da makamai na lardin, matuƙar ya nema kafin ta ƙare. Sharaɗi ne ya kasance ya cika shekara 18.

To, ga tambayar da bidiyon nan bai yi ba: wanda ya sauka daga jirgi da akwatin tufafinsa kawai, ba bindiga a hannunsa, me zai rubuta a waɗannan layukan? Ba abin da zai rubuta. Babu bindigar da jami'in zai duba, saboda haka babu abin da zai tabbatar. Ko da ma mutum ya zo da tasa an tabbatar masa, takardar ba ta ba shi damar sayen wata ba, kuma ba ta ba shi damar aron ta wani ba. Wanda ya zauna a ƙasar nan ya san istimarar mota: takarda ce da ke ɗauke da lambar mota guda, kuma istimarar motarka ba ta sa ka tuƙa motar maƙwabcinka, sai ya yi maka tafwili, wato izinin tuƙa ta, ta dandalin Abshir. Haka 5589 take, tana bin bindigar da aka rubuta ne, aro kuwa yana da tasa takardar daban.

Na tsaya a nan ne domin na san halin mafi yawan masu kallonmu. A cikinmu akwai 'yan ƙasa, akwai masu iƙama, akwai waɗanda suka zo aiki na 'yan shekaru, kuma ƙalilan ne ƙwarai suke da bindigar farauta mai lasisi da sunansu wadda za su iya nema mata izinin fita daga hukumomin nan, su bi ƙa'idar kamfanin jirgi, a kulle ta cikin akwati mai ƙarfi ba harsashi a cikinta, harsashin ma kada ya wuce kilo 5. Ga sauran jama'a, takardar dala 25 ba tasu ba ce tun asali. Hanyar da ta shafe su ita ce aro.

[Hoto: fom mai lamba RCMP 5513]

Ga takardar aron nan, lambarta 5513, kuɗinta dala 30, ita ma ta kwana 60 ce, kuma a kan bindigogin da doka ta sa a rukunin da ba a ƙuntata ba take aiki, wato galibin dogayen bindigogin farauta. Bambanci mafi girma tsakaninta da waccan shi ne ba a filin jirgi ake samun ta ba. Ana aikawa da ita tun kafin tafiya zuwa ofishin babban jami'in makamai na lardin da za a yi farautar, a jira amsa. Sannan mutum ba ya neman ta shi kaɗai, dole akwai wanda zai tsaya masa ya sa hannu a jikinta: ko dai kamfanin shirya farauta da lardin ya amince da shi, ko kuma wani mazaunin Kanada wanda yake da lasisin bindiga kuma yake da lasisin farauta na lardin, wanda tare za su fita. Ɗanka da ke karatu a Toronto, in ba shi da waɗannan lasisin biyu, ba zai iya tsaya maka ba duk da kasancewarsa ɗanka.

Akwai kuma wani rangwame a sashe na 33 na dokar makaman, wanda masu yaɗa magana suke fakewa da shi. Dokar ta yarda mai lasisi ya ba wanda ba shi da lasisi bindigarsa ya yi amfani da ita, da sharaɗin yana tsaye a kansa kai tsaye. Ma'anar wannan a aikace ita ce mai bindigar yana gefenka, idonsa na kanka, in wani abu ya taso zai iya sa hannu nan take. Ba ta haɗa da a ajiye ka a gindin wata bishiya da asuba a ce za a dawo ɗaukarka da hantsi ba, kuma ba ta haɗa da ka sa bindigar a mota ka koma masauki da ita kai kaɗai ba. Da zarar ya yi nisa da kai, ka zama mai riƙe da makami ba bisa izini ba, laifin da a kundin hukunta laifuka na Kanada zai iya kai wa ɗaurin shekara 5, kuma shi ma wanda ya ba ka aron ya jefa kansa cikin matsala. Wannan ɓangaren ya fi damuna, domin mutumin da ya gayyace ka don girmamawa shi ne zai rasa lasisinsa saboda kai. Bayan haka, lardi irin Ontariyo yana buƙatar mai farauta da bindiga ya riƙe shaidar izinin bindiga a jikinsa, kuma ga baƙo takardar kwastan da aka tabbatar ko lasisin aro suna cikin abin da ake karɓa. Don haka a ganina, duk wanda ya yi niyyar farauta ta gaske, ba harbin gwaji sau ɗaya ko biyu a filin koyo ba, ya nemi 5513 ya huta.

[Hoto: kantin kayan farauta, bindigogi jere a bango]

Saye kuwa magana ce mai tsawo, kuma ba na ba baƙon wata ɗaya shawarar ya bi ta. Ba wanda zai sayar maka da bindiga a Kanada sai kana da cikakken lasisin mallaka da saye, wanda ake kira PAL. Baƙo yana iya neman sa, amma sai ya halarci kwas na kiyaye haɗarin makamai na ƙasar, ya ci jarrabawar rubutu da ta aiki da hannu, ya kawo takardar shaidar kyakkyawan hali daga 'yan sandan inda yake zaune, sannan ga jira na aƙalla kwana 28 da doka ta wajabta wa mai neman farko, wanda a aikace yakan wuce haka. Tun daga watan Mayu na 2022 kuma, mai sayarwa sai ya tuntuɓi hukuma ta tabbatar masa da ingancin lasisin mai saye kafin ya miƙa bindigar. Lasisin na shekara 5 ne, saboda haka yana da amfani ga wanda zai riƙa komawa kowace kaka. Wanda zai je sau ɗaya kuwa, ko ya samu ya saya, zai tarar da wata tambayar tana jiransa ranar dawowa: ina zai kai bindigar? Shigowa da ita Jidda ba abu ne da ake yi da rasidin kanti ba.

[Hoto: taswirar larduna, sannan mafarauta sanye da riguna ruwan lemo]

Yanzu sai hukuma ta biyu, kuma a nan zan yi sauri domin hotunan sun isa bayani. Kowane lardi yana sayar da lasisin farauta na baƙi, da alamar dabbar da aka yarda a harba, kuma yawanci sai ka nuna shaidar ka taɓa yin horon farauta ko ka taɓa riƙe lasisi. A Birtish Kolombiya, baƙon da ya zo daga wata ƙasa ba ya farautar manyan dabbobi sai tare da jagora mai lasisi, ko wani ɗan'uwa na kusa mazaunin lardin da ya nemi izinin raka shi. A Albata ma sai da jagora ko mai masaukin da ya yi rajista. Masu son dinya da agwagwar ruwa kuwa, waɗanda suke tururuwa zuwa Saskacewan, suna buƙatar ƙarin izinin tarayya na tsuntsaye masu ƙaura a kan na lardi. Wani abin lura ga mutanen nan shi ne, bindigar shawzan, wato mai watsa ƙananan ƙwayoyin harsashi, wadda amfani da ita wajen farauta ke jawo tarar riyal 100,000 a Saudiyya, ita ce ake farautar waɗannan tsuntsaye da ita a can, da sharaɗin kada ta ɗauki fiye da harsashi uku, kuma kada ƙwayoyin su zama na dalma. Wanda ya saba da bindigar iska a saharar nan ya sani cewa bugun waɗancan a kafaɗa daban ne, kuma ya kamata ya nemi jagoransa ya kai shi filin gwaji kwana ɗaya kafin a shiga daji.

Wannan sharaɗi na jagora, wanda wasu ke gani kamar ƙarin kashe kuɗi ne kawai, shi ne yake sauƙaƙa maganar bindigar gaba ɗaya. Kamfanonin shirya farauta da yawa suna da bindigogin da suke ba baƙinsu, sun san ofishin da ake aika 5513, kuma su ne doka ta amince su sa hannu a kanta. Saboda haka kafin ka tura wa kowa kuɗin kafin alƙalami, ka tambaye shi a rubuce: shin yana da lasisin lardin, shin zai ba da bindiga, kuma shin zai tsaya maka a takardar aro ko kuwa yana nufin jagoran zai kasance a gefenka a kowane lokaci da bindigar take hannunka? Ka nemi ya faɗa maka irin bindigar da girman harsashinta. In ya ce maka kada ka damu, za a daidaita komai a filin jirgi, to ka nemi wani.

Maganar lokaci ita ce ta rage. Galibin farautar kaka a Kanada tana faɗowa ne tsakanin Satumba da Nuwamba, kuma takardar aro ba ta da amfani in ta iso bayan ka dawo gida. Biza tana da nata jiran, lasisin lardi yana da nasa, wasu dabbobin ma ana raba alamarsu ne tun watanni kafin a buɗe daji. Wanda ke nufin fita a watan Oktoba ya fara magana da jagoransa tun farkon shekara, kuma ya aika 5513 da zarar ya tsayar da ranakun tafiya, domin kwana 60 ɗin su rufe dukkan kwanakin da zai yi a daji. Ya ajiye kwafinta a aljihun rigar farautarsa tare da lasisin lardin da fasfo, tun da jami'an kula da namun daji suna da ikon tsayar da mafarauci a daji su nemi ganin takardunsa.